Sanyin kan dutse: yadda mai hawa ke tsare ɗumin jikinsa, daga Bagzam zuwa Kilimanjaro

Mazauna Yamai da dama sun fara jin sunan Bagzam da Girebun ne a jikin jiragen saman fadar shugaban ƙasa, tun kafin su san cewa duwatsu ne a ƙasar Abzin, cikin jihar Agadas. A kan tsaunin Bagzam ne ƙololuwar Idukal-n-Taghes take, mai tsayin mita 2,022 daga doron teku, kuma babu wurin da ya kai ta tudu a duk faɗin Nijar. Girebun, can arewa da Iferwan, tsayinsa mita 1,944 ne, ko da yake an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin na ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da hawan waɗannan duwatsu shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rana ta yi sauƙi. Shi ne kuma lokacin da ruwan da aka bari a buta a can bisa kan wayi gari da ƙanƙara a samansa.

Irin wannan sanyi yana kisa, ko da bai kai na ƙasashen Turai ba. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan digiri 37 na ma'aunin Selsiyus. Da zarar zafin cikinsa ya sauka ƙasa da 35, mutum ya shiga halin da likitoci ke kira faɗuwar zafin jiki, kuma abin da ya fara taɓawa shi ne hankali, wato abin da mutum zai ceci kansa da shi. Riga da bargo ba su da ɗumin kansu. Jiki ne ke ƙona abinci ya samar da ɗumi, tufa kuwa aikinta ta hana shi gudu. Shi ya sa mafi yawan waɗanda sanyi ke kayarwa a kan dutse mutane ne da abubuwa suka haɗu musu lokaci guda: riga ta jiƙe, iska ta taso, ciki babu komai, ga gajiya.

Abin da ya sa bisa ta fi sanyi

Hasken rana ƙasa yake gasawa, ita kuma ƙasar ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Iskar da ta tashi sama tana samun sarari ta baje, in ta baje kuwa sai ta huce. A matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da digiri 6.5.

Yamai tana kan mita 200 da ƴan kai. A watan Janairu, da asuba, ma'auni kan sauka wajen digiri 16 ko 17, kuma a hakan ma ana ganin masu babura sun naɗe kawunansu, yara sun kewaye wuta a ƙofar gida. Agadas tana kan mita 500, asubarta ta Janairu kuwa wajen digiri 11 ko 12 ce. Daga Agadas zuwa ƙololuwar Bagzam, wadda ke kimanin kilomita 120 a miƙe ta arewa maso gabas, akwai ƙarin hawa na mita 1,500, wato ragin digiri 10 ke nan. Abin da ya saura digiri ɗaya ne ko biyu, a daren da ba wani abu na musamman ya faru ba. In aka yi karo da daren da hunturu ya sauko da ƙarfinsa, sai a gangara ƙasa da sifiri.

Sararin hamada yana ƙara wa abin tsanani. Babu girgije, babu laima a iska, don haka zafin da duwatsu suka sha da rana yana tserewa sama da zarar ta faɗi. Mutum yana iya hawa da azahar yana share gumi, kafin lisha haƙoransa na kaɗawa. Ko Bilma, wadda ba a kan dutse take ba, an taɓa auna digiri 2.4 ƙasa da sifiri a cikinta a watan Janairun 1995.

Bagzam ƙarami ne in aka jera shi da maƙwabta. Tahat a duwatsun Hoggar na Aljeriya ya haura mita 2,900, Emi Kusi a Tibesti na Chadi mita 3,415 ne, Dutsen Kamaru da ke bisa garin Buea ya wuce mita 4,000, Tubkal na Maroko 4,167, Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa 5,895. Abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka, sai dai kowane da irin tarkonsa.

Ta ina ɗumi ke fita

Iska ce ɓarauniya ta farko. Jiki yana ɗumama ƴar iskar da ke manne da fata, ita ce kamar rigarsa ta ainihi. In jaura ta kaɗo sai ta kwashe ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake kwashewa. Masana yanayi sun yi lissafin wannan: in ma'auni yana kan sifiri, iska kuma tana gudun kilomita 40 a awa, fatar da ba a rufe ba tana jin abin kamar digiri 7 ƙasa da sifiri. Kan ƙololuwa da mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu su ne wuraren da iska ta fi ƙarfi, kuma a nan ne baƙo ya fi son tsayawa ya ɗauki hoto.

Ta biyu ita ce jiƙewa, kuma ta fi ta farko mugunta. Ruwa yana jan zafi daga jiki kusan sau 25 fiye da busasshiyar iska. Duk wanda ya san randa ko salka ya san yadda abin yake: ruwan da ke tsatsowa a bayanta, in iska ta busar da shi, shi ke sanyaya na ciki. Mutumin da ya jiƙe da zufa ya tsaya a cikin iska ya zama randa. A Abzin da wuya a ga ruwan sama a lokacin ɗari, saboda haka jiƙewar daga jikin mai hawan take fitowa. A Dutsen Kamaru kuwa daga sama take zuwa, domin ƙauyen Debundscha da ke gindinsa yana samun ruwan da ya kai milimita 10,000 a shekara, alhali na Yamai bai cika wuce 600 ba.

Sauran hanyoyin su ne ƙasa da numfashi. Dutse mai sanyi da aka zauna ko aka kwanta a kansa yana tsotse ɗumi ba ƙaƙƙautawa, kuma kowane numfashi yana fitar da iska mai ɗumi da laima ya shigo da busasshiya mai sanyi.

Abin da ya faru a lardin Gansu na ƙasar Sin ranar 22 ga Mayun 2021 ya nuna yadda waɗannan ke haɗuwa. Mutum 172 suka shiga tseren kilomita 100 a kan duwatsun da tsayinsu bai fi na Bagzam da yawa ba, akasarinsu da gajeren wando da ƴar riga, domin lokacin sanyi ya wuce. Da rana tsaka sai ga ruwa da ƙanƙara da iska mai ƙarfi a daidai wurin hawa. Mutum 21 suka mutu, cikinsu har da waɗanda suka fi kowa suna a wannan wasa a ƙasar. Wani makiyayi ya ceci mutum shida, kuma abin da ya yi bai wuce shigar da su kogo da hura musu wuta ba. Ƙarfin jiki bai yi wa gwanayen amfani ba da tufafinsu suka jiƙe.

Tufafi

Riguna uku ko huɗu marasa kauri sun fi babbar riga guda ɗaya. Iskar da ke maƙale tsakanin riga da riga ita ke riƙe ɗumi, sannan mai riguna da yawa yana da zaɓi: ya cire ɗaya in ya fara zufa, ya mayar in ya tsaya. Mai ƙatuwar jaket guda kuwa ko dai ya dahu a ciki ko ya daskare a waje.

Rigar da ke manne da fata ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Auduga, wadda ta fi komai daɗi a zafin Yamai, tana shan gumi ta riƙe shi, ta manne a baya kamar jiƙaƙƙen tsumma, ba ta kuma bushewa da wuri. Singileti, shadda, atamfa da wandon jins duk wannan halin gare su. Abin da ake so a ciki shi ne ulu marar kauri, ko yadin roba irin na rigunan ƴan ƙwallo, wanda ke tura gumi waje ya bushe nan da nan. Rigar ƙwallo mai dogon hannu da wandon motsa jiki suna yin wannan aiki ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

A kanta sai rigar sanyi ta ulu ko mai laushin nan kamar bargo. Ulu yana da wata baiwa: ko ya ɗan jiƙe yana ci gaba da riƙe ɗumi. Daga waje kuma sai wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, mai hula a haɗe, mai zif da za a iya buɗewa a sha iska. Rigar ulu ita kaɗai a cikin jaura kamar rariya take. Ban da waɗannan ana son jaket mai kauri guda a cikin jaka, wadda ba a tafiya da ita, sai an tsaya hutu ko an sauka zango. Mai cikon gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, amma in ta jiƙe ta tashi daga aiki. Ta dace da Bagzam, ba ta dace da Dutsen Kamaru da damina ba.

Kusan duk waɗannan ana samunsu a wurin masu kayan bosho a Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, musamman in sanyi ya kama. Abin dubawa shi ne ƴar takardar da ke wuyan riga ko gefenta: in an rubuta coton auduga ce, laine ulu ne, polyester kuwa yadin roba. A gwada su a haɗe, ɗaya bisa ɗaya, a ɗaga hannu a tsuguna. Rigar da ta matse tana danne iskar da ake son ta riƙe, tana kuma hana jini gudu.

Maganar kai kuwa Abzinawa sun riga kowa warware ta. Rawanin da suke naɗawa, mai tsawon mita biyar ko fiye, har da turkuɗin da ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano, yana rufe kai da kunnuwa da wuya, amawalin kuma yana ɗumama iska kafin ta shiga hanci, ya tare ƙura. Auduga ne, gaskiya, amma ninkinsa yana da yawa, kuma kai ba ya jiƙa shi kamar yadda baya ke jiƙa riga. Wurin da ke kan baki ne kawai tururin numfashi ke jiƙawa, sai a riƙa juya shi. Ana yawan cewa rabin ɗumin jiki ta kai yake fita. Wannan zuguguwa ce, abin bai fi kashi 10 cikin 100 ba ga babban mutum. Sai dai in an rufe ko'ina aka bar kai, to nan ce ƙofar da ta rage a buɗe. Hular ulu a ƙarƙashin rawani ko gyale tana gama magana.

Yatsun hannu da na ƙafa su ne jiki ke fara sadaukarwa. In ya ji sanyi sai ya tsuke jijiyoyin gaɓoɓi ya mayar da jini wajen zuciya da ƙwaƙwalwa, saboda haka wanda yatsunsa suka yi sanyi sau da yawa ƙarin riga yake buƙata a ƙirji. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Takalmi ya zama sau-ciki mai ƙarfin ƙasa, wanda aka riga aka saba da shi, mai sararin da yatsu za su motsa a cikin safar ulu. Cusa safa biyu a takalmin da ya matse ƙara sanyi yake yi. Baƙo zai iya ganin ɗan Bagzam yana hawa da takalmin fata buɗaɗɗe, yana kora jakinsa ko a jikinsa. Wannan tun yana yaro yake bin hanyar, ya san inda zai kwana, kuma ba abin koyi ba ne ga wanda ya taso daga bakin kogin Isa. Man kaɗe a leɓe da dunduniya da bayan hannu yana hana faso, wanda kan mayar da tafiyar kwana uku azaba.

Tafiya, ci da sha

Mai hawan dutse murhu ne mai tafiya, domin kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Saboda haka wanda ya tashi daga zango yana jin ɗumi daidai, bayan minti 15 zai jiƙe. Ƙa'idar ita ce a tashi ana ɗan jin ɗari, a rage riga kafin gumi ya fito, a kuma saka jaket da zarar an tsaya, tun jiki bai huce ba. Jira sai an fara makyarkyata kafin a buɗe jaka kuskure ne da kusan kowane sabon shiga yake yi.

Sauri shi ke kawo zufa. Takun da ya dace shi ne wanda mutum zai iya hira a cikinsa ba tare da haki ba. Masu ja-gora a Kilimanjaro ba su da kalmar da suke maimaitawa kamar ta sannu-sannu a harshen Swahili. Hutu ya zama gajere, minti biyar zuwa goma, a bayan dutsen da ya tare iska, a zauna a kan jaka maimakon kan dutse. A kuma tsara tafiya yadda za a isa masauki rana na sama, domin kafa zango da yatsun da suka sandare a cikin duhu wahala ce.

Wutar jiki tana son itace a kai a kai. Ɗan abu kowace awa ya fi cika ciki sau ɗaya. Dabino da sukari suna kama wuta nan take, gyaɗa da ƙuli-ƙuli da cuku da kilishi kuma suna daɗewa suna ci. Guzurin matafiyan Abzin, gumbar gero da aka daka da dabino da cuku wadda suke kira eghajira, ya haɗa duka biyun, ba ya kuma buƙatar wuta. Da dare a ci abu mai zafi mai maiƙo kafin a kwanta.

Sanyi yana kashe ƙishirwa, yana kuma ƙara fitsari, ga busasshiyar iska tana kwashe ruwa ta numfashi. Mutum kan bushe bai sani ba, wanda ya bushe kuwa ya fi saurin gajiya da jin sanyi. Lita uku zuwa huɗu a yini shi ne abin da aka saba ba masu hawa shawara, kuma fitsarin da ya yi ja alama ce ta cewa ba a sha isasshe ba. Shayi yana da amfani saboda zafinsa da sukarinsa, sai dai ƙananan kofuna uku ba su zama madadin ruwa. Giya yaudara ce: tana buɗe jijiyoyin fata mutum ya ji ɗumi, alhali ɗumin cikinsa ne ke fita. Taba tana tsuke jijiyoyin yatsu. Tramol, da wasu ke sha wai don ƙarfin tafiya, yana rufe wa mutum gargaɗin da jikinsa ke yi masa na gajiya da sanyi.

Alwala da ruwan da ya kwana a waje tana buƙatar dabara. A ɗumama ruwan ko a ajiye na tarmos, a yi ta a inda iska ba ta bugu, a goge gaɓoɓi sarai kafin a mayar da safa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin halascin taimama ga wanda ke tsoron ruwa zai cutar da shi, ya kuma rasa abin ɗumama shi.

Dare

Wurin kwana rabin bargo ne. Kan tudu iska ce, can cikin ƙwarin ƙorama kuwa nan iska mai sanyi ke gangarowa ta taru da dare, saboda ta fi mai ɗumi nauyi. Abin nema shi ne ɗan tudu a gefe, a bayan babban dutse ko katangar duwatsu da aka jera, in so samu ne inda hantsi zai fara sauka. A kan Bagzam akwai ƙauyukan Abzinawa masu garake, inda ake noman albasa da tafarnuwa da dankalin turawa, kuma ɗakin da aka samu a wurinsu ya fi kowane tanti. Da ɗan gari akan ci gari: ja-gora na wurin ya san mafaka da rijiya, ya kuma san halin tsaro na lokacin, wanda dole a bincika a Agadas kafin a kama hanya.

Abin da ke ƙarƙashin mai barci ya fi abin da ke samansa muhimmanci, domin nauyin jiki yana danne bargon ƙasa ya kore iskar cikinsa. Tabarma ita kaɗai ba ta isa ba. A ɗora mata katifar soso, ko agalami, ko kwali, ko buhunan da babu komai a ciki. Wanda ke da barguna biyu ya shimfiɗa ɗaya. Jakar barci tana zuwa da lambobin digirin da aka yi ta dominsu. A dubi lambar da ke nuna barci cikin daɗi, domin ta can ƙarshe tana nufin mutum zai kai safe da rai ne kawai.

Kafin a kwanta a cire duk abin da aka yi tafiya da shi wanda ya jiƙe, a sa busasshiyar riga da safar da aka keɓe don barci, wadda ta wuni a ƙulle cikin leda. A shiga da ɗumi, ko da ta ɗan tsalle-tsalle ne na minti biyu, domin jaka ba ta ɗumama wanda ya shige ta a sandare. Gorar ruwan zafi mai murfi mai kyau, a cusa ta cikin safa a rungume, tana kai mutum tsakar dare, da safe kuma ga ruwan da bai daskare ba. Hanci da baki su kasance a waje, in ba haka ba tururin numfashi zai jiƙa jakar. Wayar salula da fitila su kwana a jiki, domin sanyi yana shanye batir.

Kaskon gawayi ba ya kwana a cikin tanti, ko mota, ko ɗakin da aka toshe. Garwashi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sannan ta sa shi barcin da ba ya tashi. Haka ma risho da murhun gas. A yi girki da jin ɗumi a waje ko a bakin ƙofa a buɗe. Itace kuma ba shi da yawa a waɗannan wurare. Girebun da Tamgak suna cikin gandun Ayar da Tenere da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, kuma ƴan itatuwan da ke wurin su ne abincin awaki da raƙuman mazauna.

In sanyi ya kama mutum

Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshen sani, don haka abokan tafiya su riƙa duban juna. Tsakanin digiri 35 da 32 mutum yana makyarkyata sosai, yatsunsa sun kasa ɗaure igiyar takalmi, yana tuntuɓe, ya yi shiru ko ya riƙa faɗa ba dalili. Ƙasa da 32 makyarkyatar tana raguwa har ta tsaya, magana ta zama kamar ta mai maye, ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Wasu ma sukan fara tuɓe riga suna cewa zafi suke ji. Tsayawar makyarkyata ga wanda bai samu ɗumi ba alama ce ta cewa abin ya yi nisa. Ƙasa da 28 yakan suma, zuciya kuma tana iya tsayawa.

A matakin farko magani yana hannun abokan tafiya. A tsaya nan take, a shiga mafaka, a raba shi da ƙasa da shimfiɗa mai kauri, a cire jiƙaƙƙun tufafi a sa busassu, a rufe kai da wuya, a naɗe shi da bargo sannan a kewaye da leda ko tamfol don tare iska. In yana cikin hankalinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi mai sukari. Gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma a sa ta a ƙirji da hammata.

In ya rikice ko ya suma, sai a bi shi a hankali kamar ƙwai. A bar shi a kwance, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a ɗura masa komai a baki, domin jijjiga tana iya rikita bugun zuciyar da ta yi sanyi. A nemi hanyar kai shi asibiti. Kada kuma a yi saurin yanke ƙauna: numfashi da bugun jini sukan yi ƙasa har a kasa jinsu alhali da sauran rai. A 1999 wata likita ƴar Suwidin, Anna Bagenholm, ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙara a arewacin Nowe, zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, aka farfaɗo da ita a asibitin Tromso, daga baya ta koma bakin aikinta.

Daskarewar nama wani abu ne daban, kuma an fi gamuwa da ita a manyan duwatsu irin su Tubkal da Kilimanjaro. Yatsa, ko kunne, ko kan hanci ya daina ji, ya yi tauri, launinsa ya koɗe ya yi toka-toka. Ba a murza shi, ba a kuma kanga shi a wuta, domin wurin da ba ya ji yana ƙonewa mai shi bai sani ba. A sa shi a hammata, ko a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta iya zama a ciki. In akwai yiwuwar ya sake daskarewa kafin a sauka, gara a bar shi sai an isa ƙasa.

Sama da mita 2,500

Daga wannan tsayi ƙarancin iskar shaƙa yana shiga cikin lissafi. Ciwon kai, rashin son abinci da rashin barci sukan kama wanda ya hau da sauri, kuma wanda bai ci ba, bai yi barci ba, ba ya iya yin ɗumi. Shawarar likitocin duwatsu ita ce, bayan mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. A Kilimanjaro hawan ƙarshe da tsakar dare ake fara shi, a cikin sanyin da kan kai digiri 10 ko fiye ƙasa da sifiri, a inda iskar shaƙa ta kusa rabin ta bakin teku. Nan kam kayan bosho kaɗai ba su wadatar ba, sai an yi hayar na musamman a Moshi ko Arusha.

Akwai waɗanda ko Bagzam bai kamata su hau ba sai sun ga likita. Na farko su ne masu amosanin jini, wato sikila, domin sanyi da bushewar jiki da ƙarancin iska su ne ainihin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, ga shi kuma duka ukun suna jiran su a wuri ɗaya. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta kula da wannan cuta inda za a nemi shawara. Haka masu asma, masu ciwon zuciya, da masu ciwon suga waɗanda ƙafafunsu suka rage ji. Yara suna rasa ɗumi da sauri fiye da manya saboda ƙanƙantar jikinsu, kuma yaron da aka goya ko aka ɗora kan jaki ba ya motsin da zai ɗumama shi, don haka yana buƙatar riga ɗaya fiye da ta wanda ke tafiya a ƙasa, a kuma riƙa taɓa hannuwansa da ƙafafunsa a kowane hutu.